Tukunyar Inna Kyauta

"Ke Hurera, mi kinka yi ma tukunyata?"

Furera ta ɗago daga bakin rariya, hannunta duk kumfar sabulu. Inna Kyauta ce tsaye a ƙofar ɗaki ta dafe bango, ita da kwana tara ke nan ba ta taka ƙasa sai an riƙe ta. Idonta na kan tukunyar ƙasar da ke kife a rana. Da safe baƙa ce ƙirin, yanzu ta koma ja kamar yau aka ɗauko ta daga wurin magina.

"Wanke ta niy yi, Inna. Na iske ta bayan ɗaki tana wari, cikinta duk ya yi dauɗa."

"Innalillahi," in ji Inna a hankali. Ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Da ma faɗa ta yi, da Furera ta fi jin sauƙi.

Shekara bakwai suna maƙwabtaka a Ƙaura Namoda, katanga ɗaya ce tsakaninsu, gajera ce kuma, iyakarta ƙirji. Tun lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke bayan Kurya Madaro Inna ta iso garin, da 'yarta Nazifa, da ƙullin tufafi, da tukunyar nan a ka. A cikinta take yin daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan sure, ko yakuwa. Mata da yawa a unguwar suna yi, amma ta Inna daban ce. Duk ranar da kwanon miyarta ya tsallako katanga, Jelani mijin Furera sai ya siɗe yatsunsa biyar, ya kuma yi ta santi a gaban matarsa ba kunya. Abin yana sosa wa Furera rai. Sau huɗu tana gwada tata a ɓoye, sau huɗu tana zubar wa kaji. Da ta gaji ta tambaya, Inna ta yi dariya ta ce, "Abin gidanmu na, daga uwa sai ɗiya."

Ita kuwa Furera tsafta ce cutarta. Matan unguwa kan tsokane ta da cewa ko gishiri aka ba ta sai ta wanke shi. Da ciwo ya kwantar da Inna, ita ta ɗauki jinya, ta share ɗaki, ta wanke zannuwa, yau kuma hannunta ya kai inda bai kamata ba.

"Zamna ki ji," Inna ta ce bayan ta numfasa. "Wagga tukunya ta kakata ta. Tun da anka gina ta sabulu bai taɓa ganin cikinta ba. Baƙin ga da kinka kankare shi na uwar daddawa. In an zuba sabon gurguzu, shi ka tada shi, shi ka ba shi ƙamshin gidanmu. Ban da gona yanzu, ban da akuya. Shi kaɗai niy yi niyyar bar ma Nazifa."

Nazifa na aure a Shinkafi, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Karatu ya ɗauke ta tun tana ƙarama, ba ta taɓa tsayawa ta koyi aikin ba. Inna ta so in ta yi arba'in ta zo ta zauna mako guda a gefen turmi.

"To ga jikina yadda yak koma," in ji ta, "ga tukunya kin maishe ta amarya."

"Ko curi guda bai rage ba, Inna?"

"Ta ƙare tun watan jiya."

Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido. Furera ta koma gida ta zauna a bakin gado, hawaye na zuba, tana jin kamar ta fasa wa tsohuwar gida a karo na biyu. Tana cikin haka idonta ya sauka kan kwallar da ke saman sif, gabanta ya faɗi. Ta san abin da ke ciki, ta kuma san in ta fito da shi asirinta ya tonu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta dawo da gwangwanin madara ta durƙusa gaban Inna. A ciki akwai curin daddawa guda, busasshe kamar dutse, an naɗe shi a leda.

"Da sallar layya kin miƙo mani ukku," ta ce kanta a sunkuye. "Biyu niy yi miya da su. Wanga na ɓoye shi. Duk sadda zan gwada tawa sai in ɗauko in shinshina, ko Allah ya sa in gano sirrin. Ki gahwarce ni, Inna."

Inna ta karɓa ta kai hanci. Ta lumshe ido. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har ta sarƙe da tari.

"Yau ga ɓarawo ya hi mai gida adana! Tashi, ɗiyan nan, hura wuta. Akwai gurguzu tiya biyu cikin buhu."

"Ni, Inna? Ba kin ce daga uwa sai ɗiya ba?"

"Wa ka juya ni bisa gado kwana tara? Tashi nic ce."

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar darbejiya, aka tokare bayanta da matashi. Daga nan take ba da umarni, da murya ƙasa-ƙasa amma ba ta barin kuskure ya wuce. Gurguzu ya dahu tun daga hantsi har la'asar, sai da ƙwaya ta murje tsakanin yatsu biyu. Furera ta tsane shi ya sha iska. Aka jiƙa curin nan da ruwa kaɗan, aka shafe cikin tukunya da shi har wuya, sannan aka juye gurguzun da sauran ɗuminsa, aka rufe da faifai da tsohon buhu.

Bayan kwana biyu aka zo daka. Furera ta ɗauko kanwa, Inna ta harare ta.

"Nan kinka ɓata sau huɗu. Kin zaci ban ji warin ta bisa katanga ba? Tokar karan gero aka tacewa, ba kanwa ba, ba tokar gawayi ba."

Jelani ya hau babur har bayan gari ya ɗauro kara. Aka ƙona, aka tace ruwan tokar a tsumma. Furera na daka tana yayyafawa, tana tambayar ludayi nawa.

"Ba ludayi. Miƙo hannunki." Inna ta kama yatsunta ta tura su cikin dakakken gurguzun. "Kin ji yadda ya ka kama hannu ya saki? To hakanan. Hannun ga shi za ki kai ma Nazifa."

Aka mayar cikin tukunya. Furera ta tambaya kwana nawa kuma.

"Da zahi ukku, da sanyi huɗu. Amma kak ki ƙirga kwana, hanci ka faɗi. In kin buɗe kinka ji ya bugi hancinki sannan ya bi da daɗi a maƙoshi, ta yi."

"Ai kina nan, ke za ki shinshina."

Inna ta yi murmushi kawai, ta ce a ba ta ruwa.

Ba ta kai ba. Washegari da hantsi, Furera na ba ta kunu a cokali, ta kau da kai, ta yi kalmar shahada sau biyu, hannunta ya saki gefen zanen Furera. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. An kira Nazifa a waya, amma motocin Shinkafi ranar sai da suka jira rakiyar jami'an tsaro, ba ta iso ba sai washegari da yamma, jaririnta a baya, idonta a kumbure.

Duk kwanakin nan gida cike da masu gaisuwa, Furera na kai da kawo da tabarmi da ruwan sha, amma rabin hankalinta na bayan ɗaki. Tsoro take ji ƙwarai. In daddawar ta lalace babu sauran curi a duniya, babu kuma wanda za ta tambaya.

Safiyar sadakar uku ta durƙusa ta ɗaga buhun, ta ɗaga faifai. Warin ya buge ta har ta ja baya. Ta daure ta sake kai hanci, ta ja numfashi a hankali. Can ƙasan maƙoshinta ta ji wani abu mai daɗi ya biyo baya. Ko shi ne, ko kuwa son zuciyarta ne? Ba ta yarda da hancinta ba. Ta ɗebi kaɗan ta kaɗa miyar sure, ta tuƙa tuwon dawa, ba ta gaya wa kowa komai ba.

Nazifa tun isowarta ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, ga ta da shayarwa. Mata sun yi lallashi sun gaji. Furera ta ajiye kwanon a gabanta ta buɗe.

"Yaya Hurera, ba ni iyawa."

"Loma guda, don yaron ga."

Nazifa ta gutsuri tuwo ta dangwala. Ta kai baki, sai ta tsaya da tauna. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙofar ɗakin uwarta.

"Inna ta bar daddawa?" ta tambaya.

"Ba ta bari ba. Wagga sabuwa ta, yau anka buɗe ta."

"To wa yay yi?"

Furera ta zauna kusa da ita ta ba ta labari duka, har wankin tukunyar da gwangwanin madara, ba ta rage komai don kare kanta ba. Nazifa na kuka tana dariya, tana kuma ci. Sai da ta ga bayan kwanon.

Mako guda ta ƙara a Ƙaura. Suka dafa sabon gurguzu, Furera ta kama yatsunta ta tura cikin turmi kamar yadda aka yi mata. Ranar komawa Nazifa ta naɗe tukunyar a zanen Inna, ta ce a cinyarta za ta riƙe ta har Shinkafi. Kafin ta naɗe, ta sa hannu ta yagi baƙin da ya fara kama cikinta, ta shafa a wata sabuwar tukunya da ta aiki Jelani ya sayo.

"Wagga taki ta, Yaya. Inna ɗiya biyu ta bari."

Da yamma Furera ta gama wanke-wanke, kwanuka na ƙyalli a kan katanga. Jelani ya leƙo daga bayan ɗaki riƙe da sabuwar tukunyar, yana yamutsa fuska.

"Kin manta wagga, tana wari."

"Aje ta inda ka gan ta," in ji Furera.

Ta ɗauraye hannunta ta bi bayansa, ta gyara wa tukunyar zama a inuwa, ta ɗora mata faifan Inna.