Gwajin Yaya

Da sassafe Yaya ta kira Auta. Yaya ce ke dafa abinci a gidan kula da tsofaffi, kuma amai da gudawa sun kwantar da ita kwana biyu. An ce kada ta taka kicin sai ɗakin gwaji ya wanke ta, Auta kuwa a ɗakin gwajin take aiki.

"Na'ura ta ce babu komai, Yaya," in ji Auta. "Je ki abinki."

Sai da hantsi ya yi ta zauna ta duba sauran sakamakon. Samfuran bayan gida tara aka kawo, ciki har da na Yaya, duka tara sun fito babu, har da na wani mutum da ke kwance ana ƙara masa ruwa.

Gwajin nan ba ganin ƙwayar cutar yake yi ba. Wani ɗan guntu daga cikin halittarta sinadarin gwajin yake nema, ya yi ta kwafarsa har na'ura ta gani. Ita kuwa wannan ƙwaya ba ta da alkawari, bana daban, baɗi daban. In guntun ya canja, sinadarin zai wuce ta ko sallama babu.

Ta je wurin shugaban ɗakin, mutumin da ba ya son a taɓa masa shayi da labarin bayan gida.

"Ai samfurin da muke auna na'ura da shi ya fito daidai," ya ce.

"Ranka ya daɗe, wancan tsohuwar ƙwaya ce. Dole sinadarin ya gane ta."

Ya ajiye kofin. Daga ƙasan firji ya ciro mata wani sinadari da ke neman guntu na dabam. Gwajin awa biyu ne, babu yadda za a yi a gaggauta shi.

Ta jera samfuran, ta rufe na'ura, ta kira Yaya. Ba a ɗauka ba, masu girki a akwati suke barin waya. Ta kira ofishin gidan, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san tsoho ba ya jure gudawar da matashi zai shanye a tsaye.

Ƙarfe ɗaya saura layuka suka fara tashi a allo, alamar akwai ƙwayar. Bakwai cikin tara. Na Yaya ya riga kowa.

Wayar ta yi ƙara a aljihunta.

"Auta, lafiya kike ta kira haka?" Muryar Yaya fes, har da dariya. "Yanzu na gama raba musu abinci. Sun yi kewata, wallahi. Tsohuwar nan da ba ta iya riƙe cokali ma, ni na zauna na ba ta."

Auta ta dafa tebur.

"Yaya, kada ki ƙara taɓa komai," ta ce. "Ba ni shugabar gidan. Ni zan faɗa mata da bakina."