Ranar da Malam Labbo Ya Zauna Kasuwa Ba Hula

Mutanen Gummi mutanen kirki ne, Muttaka ma bai taɓa musun haka ba. Aibunsu ɗaya ne a wurinsa: ba sa yarda a gan su yadda suke.

Muttaka ɗan Malam Labbo mai hatsi ne, yana shekarar ƙarshe a wata kwalejin horar da malamai can birni, sashen koyar da zane. Tun shigarsa makarantar ya kamu da ɗabi'ar zama bakin titi da allo a cinya da alƙalami da ɗan akwatin fenti, yana zana duk abin da ke gabansa: tasha, rumfunan 'yan tireda, wayoyin lantarki da suka harɗe, mai shayi yana tsiyaya daga sama. A birni babu mai ɗaga kai ya dube shi, kowa ta kansa yake yi. Sai aikin ƙarshe ya zo, aka ce kowane ɗalibi ya koma garinsu ya zano rayuwar yau da kullum. Wanda aikinsa bai karɓu ba, babu takardar malanta, sai ya maimaita shekara. Muttaka ya yi murna, a ganinsa an ba shi abin da ya fi iyawa.

Ranar farko ya kafa kujerarsa daura da teburin Dikko mahauci. Wuri ne mai kyau ga mai zane: ga nama a rataye, ga Dikko da singileti mai jini yana sara, ga ƙudaje suna ta hidimarsu. Bai gama jan layin rumfar ba Dikko ya tsaya da wuƙa a sama.

"Ɗan Labbo, mi kaka rubutawa?"

"Ba rubutu ba ne, Baba Dikko, zana ka nake yi. Ci gaba da aikinka kawai."

"Ni? Haka? Dakata!"

Ya bar wa ƙanensa naman ya yi gida. Da ya dawo, sai ga shi cikin shadda mai maiƙo, da baƙin tabarau, yana ƙamshin turare, kai ka ce takarda na riƙe ƙamshi. Ya sa aka kore ƙudajen, ya tsaya gefen teburin ya dafa ƙirji, ya daina numfashi. Kafin azahar labari ya gama kasuwa. 'Yan kabu-kabu suka wanke baburansu suka jera su. Uwani mai ƙosai ta aika aka ɗauko mata leshi da sabon faranti na aro. Kwatar da ta shekara tana wari aka yashe ta a yini ɗaya, abin da kansila ya kasa. Duk inda Muttaka ya ajiye kujera, sai wurin ya koma kamar safiyar Sallah. Ya yi roƙo, ya yi bayani, aka ce masa ai takardar nan birni za ta, ba za a kai su can a yi musu dariya ba.

Haka ya kwashi zanen ya kai wa malaminsa, Malam Bature. Shi Malam Bature ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wahalar mutanen karkara, kuma bai taɓa bari motarsa ta sauka daga kwalta ba. Ya juya takardun da ɗan yatsa, yana yatsina fuska.

"Wannan rayuwa ce ko ɗaurin aure? Ina ƙudan? Ina yagaggiyar riga? Ina fuskar da wahala ta ci? Ni gaskiya nake so, Muttaka. Ka koma. Idan ka sake kawo mini wannan, sai baɗi."

Muttaka ya ce to, tunda a gida an san shi, bari ya gwada inda ba a san shi ba. Ya tafi Anka. Su kuma can, tun zamanin gubar dalma, sun saba duk wanda ya zo da takarda yana ƙare wa gida kallo, ma'aikacin agaji ne. Kafin ya zana ƙofa ɗaya an kewaye shi ana tambayarsa yaushe za a kawo maganin. Ya wuce Bukkuyum. Yana cikin zana mararrabar da ake hawa babur zuwa Adabka, 'yan banga suka tsaya a kansa suna son sanin wa ya aiko shi ya auna hanyar shiga gari. Da ƙyar wani malamin firamare ya karɓe shi. Ya dawo Gummi jiki a sanyaye, ya zauna gaban tuwo ya kasa ci.

Mahaifiyarsa, Inna, ita ce ta matsa masa har ya faɗi abin da ke damunsa, mahaifinsa yana gefe a kan buzu yana ji. Malam Labbo ba mai kuɗi ba ne, amma mutum ne mai kula da mutuncinsa, kuma a wurinsa mutuncin dattijo a kansa yake. Ban da wanzaminsa, babu wanda zai ce ya ga tsakiyar kan Malam Labbo a wajen gida. Ko alwala zai yi, ɗan ɗaga hular yake ya shafa ya mayar da sauri. Shi kansa Muttaka sai ya yi tunani kafin ya tuna kalar gashin ubansa.

"Wato laihinmu mun yi kyau?" in ji Malam Labbo.

"Haka malamin ya ce, Baba."

"In ba mu lalace ba, ba su ba ka takardar?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. Malam Labbo ya gyara hula ya fita majalisa.

Ranar kasuwa Muttaka ya iso da kujerarsa ya kusa rasa gane garinsu. Ashe tsohon ya bi rumfa-rumfa ya gaya musu ɗansa zai faɗi jarrabawa saboda kwalliyarsu, su kuwa mutanen Gummi ba sa barin nasu ya ji kunya a waje. Dikko ya fito da singiletin da ta fi ta da muni, ya baza kayan ciki tun asuba don ƙudaje su taru, yana ta mita wai yau da ake nemansu sun ƙi zuwa da wuri. Uwani ta shafa toka a goshi, ta ɗaura zanen da take goge kasko da shi. 'Yan kabu-kabu suka kwance madubai, wani har da kwance kujerar babur ɗinsa ya ɗaura buhu. Aka mayar da shara cikin kwatar da aka yashe. Nan da nan abin ya zama gasa, kowa na kiran Muttaka ya zo ya ga tasa lalacewar, har mutum biyu suka kusa dambe a kan wanda ya fi kama da matsiyaci.

Muttaka yana zane yana dariya, har ya iso rumfar ubansa. Nan dariyar ta tsaya. Malam Labbo ya sa an kwashe buhunan gero da dawa an kai bayan rumfa, ya bar kwano ɗaya tal a gabansa, shi ma bai cika ba. Yana sanye da rigar gona, wadda Inna ta ƙi yaga masa, shi ya yaga da hannunsa daga kafaɗa. Ya zauna a ƙasa ba tabarma. Amma ga hular nan a kansa, ƙube mai kyau, a karye daidai yadda ya saba karya ta. Duk wanda ya dube shi zai ga dattijon arziki ne da ya sa tsumma don wani dalili.

Dikko ne ya faɗa, da yake bakinsa ba ya riƙe magana.

"Labbo, hullag ga ta ɓata aiki! Wa za ya yarda kana jin yunwa da ita bisa kai?"

Aka fara dariya, sai kuma aka yi tsit, don kowa ya san wanda ake wa maganar. Malam Labbo bai dubi Dikko ba, ɗansa ya duba.

"Muttaka, ta hana?"

A'a kawai zai ce, a wuce wurin. Amma ya tuna fuskar Malam Bature, ya tuna shekara guda cur, kuma idonsa na mai zane ya riga ya ga cewa gaskiyar Dikko ce. Sai ya mayar da idonsa kan takarda. Tsohon ya gane. Ya sa hannu biyu ya cire hular a hankali, ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa. Furfura ce fara fat, ga sanƙo a tsakiya, ga shatin hula ya zagaye goshin. Uwani ta kawar da kai. Dikko ya koma teburinsa ya kama saran ƙashin da ba ya bukatar sara. Muttaka ya ji kunya kamar ya nutse, amma ya zana. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa yin zane mai kyau kamar wannan ba.

Malam Bature da ya gani har miƙewa tsaye ya yi.

"Yauwa! Ka ga gaskiya! Wannan ba a shirya ta, sai dai a kama ta."

Ya ba shi maki mafi girma, ya sa aka saka zanen mahaifin nasa cikin firam mai gilashi, shi da kansa ya raɗa masa suna, wai Tsohon da Duniya Ta Manta. Ya ce a ranar bikin yaye ɗalibai za a rataye shi a tsakiyar zaure.

Ranar bikin Malam Labbo ya zo daga Gummi cikin babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ta sha bugu, da sabuwar hula. Muttaka ya yi ta jan sa wajen rumfar abinci, shi kuwa ya ce sai ya ga aikin da aka yi. Ya shiga zauren ya tsaya gaban hotonsa, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Ana haka Malam Bature ya iso da manyan baƙi, yana ba su labarin yadda ɗalibinsa ya yi wa wani bawan Allah kwanton ɓauna a kasuwar ƙauye ba tare da ya sani ba. Baƙin suka fiddo wayoyi za su ɗauka.

"Alhaji, ɗan matsa mana, kana tare wa baƙi," in ji Malam Bature.

Malam Labbo ya ce, "Ayya, ku yi haƙuri," ya matsa gefe.

Ran Muttaka ya ɓaci ƙwarai. Ya buɗe baki zai ce wannan mahaifinsa ne, kuma gidansu ba a taɓa kwana da yunwa ba. Tsohon ya damƙe masa wuyan hannu.

"Kame bakinka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba su miƙo ma takardar ba tukuna."

Suka tsaya suna kallon wayoyi suna walƙiya a kan sanƙon. Wata baƙuwa har da share hawaye. Can Malam Labbo ya matso kusa da kunnen ɗansa.

"Ka iya zane, wallahi. Ni kaina na ji tausan tsohon ga."

Ya saki hannun Muttaka, ya sa hannu biyu ya ƙara danna hularsa a kai, sannan ya tambayi ta ina ake fita.