Alluran da ke Ƙugun Sepiah

"Inna, akwai ƙarfe a jikinki?" in ji nas ɗin, tana miƙo mata rigar asibiti.

Sepiah ta saci kallon mijinta Deraman. Tun asuba suka hau bas zuwa birnin Kota Bharu, ko shayi ba ta sha ba. Ƙari ne a ƙarshen hanjinta, likita kuma ya ce ba zai sa wuƙa ba sai injin nan mai maganaɗisu ya nuna yadda ruwa ke motsi a cikinsa. In ruwan a matse yake, ƙarin mugu ne, sai an fara gasa shi da haske kafin aiki. Sun gaji da jiran layi.

"Babu," in ji ta.

"Ko susuk, alluran nan na bokaye? Ki faɗa mini, Inna. In akwai, yana iya ɓata hoton, ko ya ji miki ciwo."

To fa. Duk wanda ya ga Sepiah tana budurwa ya san yadda take karya ƙugu a rawar biki. Matan ƙauye sun daɗe suna cewa ba banza ba, boka ne ya dasa mata alluran farin jini a ƙarƙashin fata. Ita kuwa tana ta rantsuwa sharri ne. Ga shi mijin nata ladan ne, mai yawan wa'azi a kan bokaye.

"Na ce babu, 'yar nan."

Ta karɓi rigar. Deraman ya sauke numfashi, ya dubi nas ɗin.

"'Yata, a duba ta. Ƙugun hagu da na dama."

Aka ce sai an fara ɗaukar wani irin hoto daban, a ga inda alluran suke da irin ƙarfensu. Aka ɗage gwajin zuwa wani makon.

A bas ɗin komawa gida ta juya masa ƙeya har suka wuce gada.

"Alhaji, wace munafukar ce ta gaya maka?"

"Babu kowa. Ranar da kika shiga wurin bokan ta ƙofar gaba, ni ina fita ta baya." Ya shafa gemunsa. "Nawa alluran a haɓa suke. Saboda ke na je."

Ta daɗe tana kallon gemun. Dariya ta zo mata, amma ciwon ya hana ta.

"Tsohon banza," in ji ta a hankali. "Matso da kafaɗarka, na gaji."