Muryar Enoch a Cikin Katako

A ƙarshen shekarar 1991, da gwamnati ta kwashe ma'aikatunta daga Legas zuwa Abuja, Patricia tana cikin waɗanda aka ba gida a saman wani bene a Wuse. Mijinta Enoch bai daɗe da rasuwa ba, kuma cikin kayan da ta loda a mota babu abin da ta sa wa ido kamar akwatin lasifikar da ya haɗa da hannunsa.

Akwatin ya kai ƙirjin mutum tsayi. Enoch, wanda aikinsa gyaran na'urorin sauti ne, ya taɓa yi mata bayani cewa allunan da ya jera a karkace a cikinsa hanya ce ta sauti: tana farawa a matse daga bakin lasifika, tana buɗewa kwana bayan kwana, kamar ƙahon bijimi da aka nannaɗe. Murya mai kauri, in ji shi, sai ta yi doguwar tafiya take fitowa da nauyinta. A lokacin ba ta damu da bayanin ba. Bayan rasuwarsa ne ta gane amfaninsa. Akwai wani kaset na mawaƙan majami'arsu, har da Enoch a cikinsu. A ƙaramin rediyo muryoyin mata kawai ake ji, amma a wannan akwatin muryar Enoch, wadda ita ce ta can ƙasa, takan taso har mutum ya ji ta a tafin ƙafarsa. Ba ta da wani wurin jin sa a duniya sai nan.

Yayan mijin nata, Nicholas, shi ya zo daga Kafanchan don taya ta shirya gida. Ranar da ta je ofis nuna kanta, akwatin ya ƙi wucewa kwanar matakala. Nicholas ya kira wani kafinta, Manniru, ya sa shi ya raba akwatin biyu da zarto. Da ya ga allunan ciki, ya ɗauka tokare ne kawai, ya ce a cire su don abin ya yi sauƙin ɗauka, ya kuma bar wa kafintan su kyauta. Aka hau da shi, aka manna da gam, aka goge.

Da yamma Patricia ta tura akwatin kusurwar falo ta sa kaset ɗin. Matan suka fara waƙa. A ƙarƙashinsu babu kowa, sai wani amo kamar ana dukan ganga marar komai. Ta zura hannu ta bakin akwatin, hannun ya wuce har bango.

Nicholas ya yi mata bayani cikin fara'a, har yana jiran godiya. Ya ce ƙanen nasa tun yana yaro haka yake, son wahalar da kansa. Wa ya taɓa ganin an cika akwati da katako?

A gidansu mace ba ta ɗaga wa yayan miji murya, kuma ba ta ɗaga ba. Ta juyo ta dube shi.

"Yaya, kun tambaye ni?"

"Haba matarmu, katako ne fa. Ai waƙar ga ta tana fita."

"Ƙanenku ne ba ya fita. Cuta ta ɗauke shi, na ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Wannan kuwa ba Allah ba ne, zarto ne, kuma ku kuka kira shi."

Ya tuna mata cewa shi ne babba a gidan yanzu. Ta amsa cewa babba shi ne mai tambaya kafin ya yanka. Ta ajiye masa tuwo, ita ba ta ci ba. Da ta durƙusa addu'a ta roƙi a rage mata zafin zuciya, ta tashi da shi kamar yadda ta durƙusa.

Da safe ta sa Nicholas a gaba har rumfar Manniru kusa da tashar Jabi. Allunan sun riga sun zama benci a wurin wata mai sayar da abinci. Kafintan ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya yi mamakin yadda aka yanka su daidai, amma mai kaya ya ba da umarni. Patricia ce ta tuna cewa da ta zura hannu ta ji tudun busasshen gam a jere a jikin bangon ciki. Ta tambaye shi ko zai iya bin wannan sawu ya yanka sababbi. Ya ce zai gwada, bai yi alkawari ba.

Aka sake buɗe akwatin a tsakiyar falo. Ba ta yarda Nicholas ya koma Kafanchan ba. Shi ya riƙa riƙe kowane allo a kan sawun gam yayin da Manniru yake aunawa, ita kuma tana tsaye a kansu, tana hana a bar ko da ƙaramar kafa da iska za ta bi. Wani allon aka yanka ya ƙi zama, aka sake.

Da gam ya bushe suka mayar da shi kusurwa. Matan suka fara, sai muryar ta taso daga ƙasa. Ba ta kai ta da cika ba, kuma akwai ɗan zizar katako a inda zarto ya bi, amma Enoch ne.

Nicholas ya zauna a kan wani kwalin kaya da ba a buɗe ba, ya rufe fuskarsa da hula. Can ya ce bai san ana jin sa haka ba, ya roƙi gafara.

"Zan yafe, Yaya, domin an umarce mu," in ji ta. "Amma ba yau ba. Ku yi shiru, baitinsa ne ke zuwa."