Ƙofar da Dogo Ya Rufe

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Amma abin ya ƙi barin raina.

Shara nake yi a wani ofis. Yayana ne ya samo mini aikin, shi ke kula da babbar kwamfutar da suke kira saba, a wani ɗan ɗaki mai sanyi wanda kullum ƙofarsa a rufe take. Yaya mutum ne mai mantuwa, Mama kuma ba ta da kwanciyar hankali sai ta ji ya taso daga aiki. Shi ne ya haɗa wata dabara: da lokacin tashi ya yi, saƙo ya shiga wayarta da kansa, "Na taso, Mama."

Yaya ya rasu da damina. Saƙon bai daina zuwa ba. Mama ta san na'ura ce, amma kullum da yamma sai ta ɗora wayar a cinya tana jira.

Wanda aka ɗauka a madadinsa, Dogo muke ce masa. Ina goge ƙasa a ɗakin sanyi ya ce, "Ƙanwata, ɗaga tsummar nan daga wayoyina, kada ki share mana intanet gaba ɗaya."

Na yi dariya a ciki. Na tambaye shi me yake yi.

Ya ce sabar baki biyu gare ta, ɗaya na kallon waje, ɗaya na kallon cikin ofis. Manaja ya ce a tace duk abin da ke wucewa. "Ni kuma yadda nake aiki, sai in rufe komai tukuna. Wanda ya ƙwanƙwasa in duba fuskarsa. In na san shi, in buɗe masa."

Ya rufe. Layukan masu ƙwanƙwasawa suka fara gangarowa a allon kwamfutarsa, ya riƙa buɗe wa na akanta, na sakatariya, na Manaja. Saura guda. Yana zuwa, a mayar da shi, ya sake dawowa.

"Wannan fa ɗan naci ne," in ji Dogo. "Kuma daga ciki yake."

Ya zagaya ofis ya kashe kowace kwamfuta. Ɗan nacin bai daina ba. Muka bi wata tsohuwar wayar intanet daga ƙarƙashin teburin Yaya, ta hau bango ta shige silin. Dogo ya taka kujera, ya haska, ya jawo ta. Bakinta a guntule yake, ba ta haɗe da komai.

Ya daɗe yana kallonta. Na gaya masa zancen saƙon Mama.

"Allah ya jiƙansa," ya ce a hankali. "Amma abin da ban ga jikinsa ba, ba zan buɗe masa ba. Aikina ne zai tafi."

Na koma gida ina shirya abin da zan faɗa wa Mama. Na tarar da ita a bakin gado, wayar na hannunta.

"Ya zo?" na tambaya.

"Ya zo, Auta. Amma yau ya ƙara magana. Karanta mini, idona ba ya gani sosai."

Na karɓa. "Na taso, Mama. Ƙofa a rufe take."

"Wace ƙofa yake nufi?"

Na ce ban sani ba.

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Na san ba ƙofar katako ake nufi ba, amma ita kaɗai hannuna zai iya. Na buɗe ɗakin sanyi, na tokare ƙofar da bokitina, na zauna a ƙasa ina jiran Dogo.