Na Yi Masa Gyara

Sha'aban mutum ne da ko ruwan kwalba aka miƙo masa sai ya duba ko an taɓa buɗe murfin. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi Manchester, amma tun ranar da ya ga wasu dattawan Turawa a fili suna tayar da ƙananan jiragen yaƙi na soso da rimot, hankalinsa ya bar littafi. Matarsa Raki takan ce ɗan boko ta aura, ta wayi gari da yaron goye.

Jirage biyu ne suka hana shi sakat. Ɗaya sabo fil a intanet, ga araha, sai dai sosonsa irin na cikin kwalin firij ne, mai marmashewa, faɗuwa ɗaya ya zama gari. Ɗayan kuwa samfurin Spitfire ne na hannu, sosonsa mai danƙo, ka danna ya dawo, fentinsa sai ka rantse ƙarfe ne. Ya fi sabon tsada, kuma na yayan Raki ne, Abdurrahim, likita a Birmingham, wanda ya ce jirgin bai taɓa faɗuwa ba.

Abdurrahim bai so auren ƙanwarsa da Sha'aban ba. Ya daɗe yana amsa gaisuwarsa a daƙile, yana ce masa Malam Sha'aban kamar baƙon ofis. Jiragen nan ne suka fara haɗa su hira har da dariya. Sha'aban yana son wannan sabuwar shaƙuwa ƙwarai, ya ma fi son ta da jirgin, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Wata safiya a flat ɗinsu na unguwar Fallowfield ya jiyo Raki a kicin tana sauraron saƙon muryar yayanta. "Ki ce ya zo weekend ɗin nan," in ji Abdurrahim. "Na yi masa gyara, amma please kar ki faɗa masa."

Shi ke nan, zuciyar Sha'aban ta gama yanke hukunci. Jirgin ya faɗi, ya karye, an liƙe da gam, an shafe da fenti, za a ƙaƙaba wa mijin ƙanwa mara wayo. Da ya tambayi Raki sai ta yi dariya ta ce ya je ya gani, ya ƙara dariyar a cikin hujjojinsa. A jirgin ƙasa bai ko leƙa taga ba, yana ta karanta yadda ake gane soson da aka liƙe: nauyi ya rinjaya gefe guda, fenti ya yi kauri, wurin ya yi tauri.

A gidansa na unguwar Edgbaston a Birmingham, Abdurrahim ya tare shi da shinkafa da miya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanina, ka iso lafiya?" Bai taɓa kiransa haka ba. Wani zai ji daɗi, amma Sha'aban sai ya ce a ransa lallai ɓarnar babba ce.

Aka ɗora jirgin a tebur. Sha'aban ya auna shi a tafin hannu, ya sunsuna, ya haska fitilar waya a cikinsa. Ya tambaya ko da gaske bai taɓa faɗuwa ba, aka ce ko sau ɗaya. Ya sake tambaya ta wata siga, aka ba shi amsa iri ɗaya, amma murmushin Abdurrahim ya ragu. Can a ƙarƙashin fiffike ya hango wani siririn layi. Ya kankare da farce, bai gamsu ba, ya zaro makulli ya tura ya danna. Fiffiken ya ce ƙas, ya rabe biyu. Ciki soso ne fari tas, babu ko ɗigon gam. Layin na masana'anta ne.

Abdurrahim ya tambaye shi a hankali me yake nema.

"Gyaran da ka yi masa, Yaya. Da kunnena na ji."

Abdurrahim ya miƙe tsaye. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ɗan kwali. Ciki wani ƙaramin jirgi ne rawaya, irin na masu koyo, da batiransa.

"Ga gyaran," ya ce. "Irin na mai tumatir, in ka saya ya ƙara maka. Kai na yi wa, ba jirgin ba. Don kar ka fara da babban ka yi crash."

Kunya ta rufe Sha'aban har ya rasa inda zai sa idonsa. Shi da ya tashi ana aikensa kasuwa, ba ya barin gaban mai kaya sai an yi masa gyara. Ya shiga ba da haƙuri, ya ce zai biya jirgin gaba ɗaya. Abdurrahim ya ce ya bar shi, ba komai, soso ne. Ya tattara ɓangarorin da kansa, ya miƙa masa ƙaramin kwalin, ya raka shi har bakin ƙofa.

"Ka gaida Raki, Malam Sha'aban," ya ce, ya mayar da ƙofa.