Ranar da Tutar Bodil Ta Maƙale

Kowa a tsibirinmu ya san Asger matsoraci ne, shi ma bai taɓa musu ba. Ba tsoron teku ba, ina! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan koma cikin sanyin da ke fasa leɓe. Tsoronsa na abin da bai faru ba ne tukuna. Da ya ji tari a ɗaki, shi ya riga ya hango kabari. Matarsa Bodil ce maganinsa. In ta ga ya fara zagaye a kicin yana taɓe-taɓe, sai ta miƙa masa wuƙa da dankali.

"Fere, tsoho. Tsoro ba ya zama a hannun da ke aiki. In ka gama wannan na ba ka na gaba."

To, yau ga ranar da ya daɗe yana tsoro ta zo, mai miƙa wuƙar kuma ba ta gida. Tana asibitin babban gari, ƙetaren ruwa, za a yi mata aikin zuciya. 'Yarsu Signe ce a wurinta. An shirya shi zai bi jirgin ruwa na safe, sai iska ta taso tun asuba, aka ce jirgi ba zai ƙetara ba. Kuma kamar da gayya, ranar ta faɗo daidai da ranar haihuwar Bodil.

Kafin a shiga da ita ɗakin tiyata ta bugo waya.

"Kana zagaye a kicin, ko?"

"A zaune nake."

"Ƙarya kake, ina jin takalminka. Saurara da kyau. Ka ɗaga min tutata har ƙoli, kada ka ce min iska. Sannan ka dafa kofi. Sannan ka ba kaji tsaba. Kafin ka gama sun ɗinke ni."

"Bodil, in kuma..."

"Tuta, kofi, kaji. Ka ji ni, tsoho?"

Ya ce ya ji. Akwai maganar da ke bakinsa, amma aka karɓe wayar.

Mu mutanen Denmark da tuta muke magana. Kowane gida da farar sandarsa a bakin ƙofa. Ranar murna tuta ta hau ƙoli. An yi rasuwa ta tsaya rabi, maƙwabta su gani su bi, ba sai an aika kowa sanarwa ba.

Asger ya fito da tutar a hammata, ya ɗaura, ya fara ja. Iska kuma tana dukan igiyar. Tutar na kaiwa tsakiya sai igiya ta zame daga 'yar tayar da take bi a can sama, ta cije. Ya ja, ta ƙi hawa. Ya saki, ta ƙi sauka. Ya ja da baya ya ɗaga kai, sai a lokacin ya ga abin da ya aikata. Jar tuta mai farin gicciye, tsaye cak a rabin sanda, a ƙofar gidan Bodil, ita kuwa tana kwance a hannun likitoci.

Ya rungumi igiyar da dukan nauyinsa har fatar tafinsa ta saɓule, tutar ko gezau.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da ya waiwaya sai ya ga tutar gidan da ke kallonsa ta hau ƙoli, ta sauko rabi. Ta kusa da ita ma haka. Kan ka ce kwabo layin duka ya ɗauka, har can wajen coci. Ya buɗe baki zai yi ihu, iska ta kwashe muryar.

Maƙwabciyarsa Dagny ce ta fara isowa, ido jawur, riƙe da kek ɗin da ta gasa don bikin Bodil, don shi ne abin da hannunta ya kai. Mijinta Holger na biye, hula a hannu.

"Wayyo Asger, sannu. Sannu da haƙuri. Yaushe abin ya faru?"

"Ba ta mutu ba! Igiya ce! Ku ɗaga tutocinku, don Allah ku ɗaga!"

Dagny ta yi turus. Can ta dire farantin a kan benci ta dafe ƙirji. "Amma kai dai an yi tsohon banza! Ka sa na yi kukan ƙawata tana da ranta? Bari ta dawo, da bakina zan faɗa mata."

Holger ya mayar da hularsa ya leƙa sama. "Tun bara nake ce maka tayar nan ta ci tsatsa. Ka ce in ji da tawa. Ga shi ka kashe mace da rowa."

Wasa ya yi nufi, amma wasan ya sauka a kan gyambo. Asger ya zauna daɓas kusa da kek ɗin.

"Ni na ja mata, Holger. Abu ɗaya ta roƙe ni, har ƙoli, na tsayar mata a rabi. Tsoro nake ji. Tun da na auri yarinyar nan nake tsoron yau."

Holger bai iya lallashi ba, duk tsibirin an shaida. Amma ya zauna kusa da Bodil shekara da shekaru, ya san yadda take yi. Ya tafi ya dawo da sifana, ya cusa wa Asger a hannu.

"Kwance noti, malam. Za mu kwantar da sandar."

Maza suka taru, waɗanda suka zo gaisuwar mutuwa da baƙaƙen kwat, aka tallafe sandar aka kwantar da ita a kan ciyawa. Asger da kansa ya mayar da igiyar, ya ɗiga mai. Abin mamaki, muddin yana murɗa notin nan tsoro bai kusance shi ba. Dagny kuwa tana bin gida-gida tana masifa, tutoci suna komawa sama ɗaya bayan ɗaya. Da aka tayar da sandar ya ja, tutar Bodil ta tafi sumul har ƙoli. Aka tafa masa, har ya ɗan yi murmushi.

Saura kofi. Ya dafa tukunya babba, aka cika kicin ana tsokanarsa, ana cewa Bodil kaɗai ce macen da aka yi wa makoki da biki a safiya guda. Dagny ta hana a taɓa kek ɗin sai an ji labari.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara a ɗaki. Asger ya goge hannunsa a wando ya shiga.

"Baba," in ji Signe. Daga nan ba ta iya ƙara komai ba sai kuka. Da ƙyar ta ce an gama aikin, amma zuciyar ta ƙi tashi.

Ya daɗe tsaye da wayar a kunne. Abin da ya yi ta gudu duk rayuwarsa ya iso, ya duba cikinsa bai sami tsoro ba ko kaɗan. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi, ya cika ko'ina.

Da ya fito ba wanda ya tambaye shi, fuskarsa ta faɗa. Dagny ta toshe baki da gefen rigarta. Holger ya tashi a hankali ya fita waje, ya kama igiyar zai yi abin da aka saba.

"Bar ta," in ji Asger daga bakin ƙofa.

"Asger, ai dole a..."

"Har ƙoli ta ce. Yau ranar haihuwarta ce. Gobe ku sauke."

Holger ya saki igiyar. A ranar nan ba gidan da ya taɓa tutarsa, duk da kowa ya ji labari. Suka kaɗa a sama har rana ta faɗi.

Shi kuwa Asger ya koma kicin, ya ratsa mutane bai kalli kowa ba, ya ɗauki kwanon tsaba a bayan ƙofa. Kaji ne suka rage a cikin abin da ta ce ya yi.